ZAƁE DA SAITA KWAMFARESA WAJEN ƊAUKAR MURYAR MAWAƘAN BAKA: DARASI DAGA YANKIN FUNTUWA DA MALUMFASHI

1.0 GABATARWA

Tun sa'ad da aka fara koyar da adabin baka a jami'o'i da kwalejojin ilmi na ƙasar nan, babban umurnin da ake bai wa ɗalibi shi ne ya fita ya ɗauko waƙa daga bakin mai ita. An yi rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa a kan jigo da salo da zubi da tsarin waƙoƙin da aka ɗauko, amma ba safai akan tsaya a dubi yadda aka ɗauko su ba. Alhali kuwa duk hukuncin da manazarci zai yanke a kan waƙar baka, a kan abin da rikoda ta riƙe ne zai yanke shi. Idan rikoda ta haɗiye wata gaɓa, ko ta daidaita muryar jagora da ta 'yan amshi alhali a dandali ba daidai suke ba, to, kuskuren zai bi ɗalibi har cikin kundinsa, ya kuma bi duk wanda ya dogara da kundin.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin wata na'ura guda ɗaya daga cikin na'urorin ɗaukar murya, watau wadda masu aikin situdiyo ke kira kwamfaresa. Ba kwamfaresar mai faci ko ta firji ake nufi ba. Wannan aikinta shi ne rage tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Za a bayyana yadda take aiki, da ire-irenta, da yadda ake zaɓenta da saita ta, tare da la'akari da yanayin waƙoƙin kudancin Jihar Katsina da kuma halin harshen Hausa kansa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, ya kamata a ɗauki muryar asali ba tare da matsi ba, a adana ta, sa'an nan a matsa kwafinta gwargwadon irin waƙar da kuma inda za a saurare ta.

2.0 YANKIN DA IRE-IREN MURYOYINSA

Ƙasar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori da Ɗanja da Ƙafur zuwa Malumfashi, ƙasar noma ce tun fil azal: dawa da masara da auduga, ga kuma rake da tumatir a fadamu. Funtuwa ma tana ɗaya daga cikin wurare uku da aka fara gwada shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, tare da Gusau da Gombe. Inda kuwa noma ya yi albarka, nan makaɗi ke samun ubangida. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna a Bakori, daga baya ya mai da Funtuwa gidansa har ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa da dama sun iso mana ta hanyar faifai da kaset da ma'ajiyar gidan Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962.

Dangane da abin da ya shafi ɗaukar murya, ana iya kasa muryoyin da mai bincike zai tarar a wannan yanki gida huɗu:

(a) Muryar makaɗi da ƙungiyarsa, inda akwai jagora da 'yan amshi da kayan kiɗa kamar kalangu ko gangar noma, wani lokaci har da sanƙira mai kirari da mata masu guɗa.

(b) Muryar waƙoƙin aiki, kamar na daka da niƙa da daɓe da na gayya, inda bugun taɓarya ko na madaɓi shi ne kiɗan.

(c) Muryar mai rera rubutacciyar waƙa shi kaɗai, ba kiɗa, ko da mai amshi ɗaya.

(d) Muryar magana, watau hira da dattawa da tatsuniya da labarin baka.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ƙarfin sautinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jagora yakan fara ɗa da ƙarfi ya sauke shi a hankali. Yakan juya kai ya dubi wanda yake wasawa ko ya dubi makaɗansa, bakinsa ya kauce wa makirufo. 'Yan amshi su shigo gaba ɗaya. Guɗa ta ratso. Mai tatsuniya kuwa takan yi raɗa in tana kwaikwayon Gizo yana ƙulla dabara, ta kuma daka tsawa in Kura ta bayyana. Kunnen ɗan Adam da ke wurin yana iya bin wannan hawa da sauka ba wahala. Ƙaramar lasifikar waya ko ta rediyo, a cikin hayaniyar kasuwa ko ta aji, ba ta iyawa: in an ɗaga don a ji raɗar, tsawar ta fashe, in an rage don tsawar, raɗar ta ɓace. Wannan matsala ce aka ƙirƙiro kwamfaresa dominta.

3.0 YADDA KWAMFARESA TAKE AIKI

3.1 Ma'aunin Desibel

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Abubuwa uku sun isa a riƙe. Na farko, ƙarin desibel 6 daidai yake da ninka ƙarfin siginar sauti sau biyu. Na biyu, a rikodar zamani lamba 0 ita ce rufin ɗaki, duk abin da ke ƙasa da ita da alamar ragi ake rubuta shi, kamar -6 ko -20, kuma sautin da ya yi ƙoƙarin wuce 0 fashewa yake yi, fashewar da ba ta gyaruwa sosai. Na uku, idan tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, alal misali daga santimita 10 zuwa 20, sautin yakan ragu da kimanin desibel 6. Ke nan ɗan jan kai da mawaƙi ya yi baya ya isa ya raba ƙarfin muryarsa biyu a cikin rikoda.

3.2 Kunne da Hannu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar kwamfaresa ita ce a ɗauke ta kamar mutum ne da aka zaunar kusa da maɓallin ƙara sauti. Yana da kunne da yake sauraro da shi, yana da hannu da yake murɗa maɓallin. Da ya ji murya ta wuce wani matsayi sai ya rage, da ta sauko sai ya mayar. Umurnin da ake ba wannan mutum su ne maɓallan kwamfaresa, kuma guda biyar ne manya:

(i) Iyaka, wadda ma'aikata ke kira tireshol. Ita ce matsayin da in murya ta wuce shi za a fara matsa ta. Abin da ke ƙasa da iyaka ba a taɓa shi.

(ii) Kason matsi, watau reshiyo. Ana rubuta shi kamar 2:1 ko 4:1. Ma'anar 4:1 ita ce, duk desibel 4 da suka haye iyaka, 1 kaɗai za a bari ya fita.

(iii) Saurin kamu, watau atak. Shi ne hanzarin da hannu ke yi wajen ragewa. Da milisakan ake auna shi, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

(iv) Saurin saki, watau rilis. Shi ne hanzarin da hannu ke yi wajen mayar da sauti yadda yake bayan murya ta sauko.

(v) Ciko. Tun da an danne ƙololuwar murya, an sami fili a sama, sai a ɗaga sautin gaba ɗaya don cike gurbin.

Wasu na'urorin suna da maɓalli na shida da ake kira gwiwa. Gwiwa mai laushi tana sa matsi ya shigo sannu a hankali tun kafin a kai iyaka, wanda ya fi dacewa da murya. Idan kuwa kason matsi ya kai 10:1 ko ya wuce, kuma kamu yana da sauri ƙwarai, to, na'urar ta zama abin da ake kira limita, wadda aikinta kawai tare sauti kada ya fashe.

3.3 Misali da Lissafi

A ɗauka an sa iyaka a -20, kason matsi kuma 4:1. Jagora ya ɗaga murya ta kai -8, watau ta haye iyaka da desibel 12. An raba 12 gida 4, an sami 3. Muryar za ta fita a -17, an danne ta da desibel 9 ke nan. Ƙarshen ɗan waƙar kuwa, da ya sauko zuwa -26, ba a taɓa shi ba. Tazarar da a da take desibel 18 ta koma 9. Idan aka yi ciko na desibel 9, ƙololuwa ta koma -8 inda take, ƙarshen ɗa kuma ya hau zuwa -17, ya fito fili.

Amma a lura da abin da ya biyo baya. Cikon nan bai san murya ba, bai san hayaniya ba. Ƙarar injin niƙa na maƙwabta da ta babur da ta janareta da carar zakara, duk sun hau da desibel 9 tare da muryar. Wannan shi ne farashin kowane matsi, kuma dole mai aiki ya san da shi kafin ya murɗa maɓalli.

Har ila yau, kada a rikita wannan matsi da wanda ake yi wa fayil don ya rage nauyi, kamar mai da shi MP3 ko tura shi ta WhatsApp. Wancan zubar da wani ɓangare na bayanan sauti yake yi don a sami wuri, wannan kuwa ƙarfin sauti yake sarrafawa. Suna ne kawai ya haɗa su a bakin ma'aikata.

4.0 IRE-IREN KWAMFARESA DA YADDA AKE ZAƁE

Gidajen rediyo na Amurka ne suka fara amfani da irin waɗannan na'urori sosai a shekarun 1930, don kada sauti ya fi ƙarfin injin watsa shiri. Daga baya suka shiga situdiyo. Bambancin ire-irensu ya ta'allaƙa ne a kan abin da aka yi hannun da shi, kuma uku ne suka fi shafar murya.

4.1 Mai Aiki da Haske

A cikin wannan, sauti ne ke kunna wani ɗan haske, hasken kuma ya faɗa a kan wani abu da ke rage siginar gwargwadon hasken. Shahararriyar cikinsu ita ce Teletronix LA-2A ta farkon shekarun 1960. Kamunta kimanin milisakan 10 ne, sakinta kuwa hawa biyu ne: ta saki rabi da sauri, sauran rabin a hankali. Manyan maɓallanta biyu ne kacal. Matsinta yana da laushi, ba a cika jin sa ba, saboda haka ta dace da mai rera rubutacciyar waƙa da kuma hira. Ba ta dace da inda bugu mai kaifi ya yi yawa ba.

4.2 Mai Aiki da Tiransista

Misalinta shi ne UREI 1176 da Bill Putnam ya fitar a 1967. Kamunta yana da sauri ainun, ko mafi jinkirinsa bai kai milisakan 1 ba, kuma kason matsinta huɗu ne: 4 da 8 da 12 da 20. Tana kama ƙololuwa nan take, tana kuma ƙara wa murya kaifi da kusanci. Ta dace da waƙoƙin situdiyo na zamani da ake son murya ta zauna a gaban kiɗa. Ga aikin bincike kuwa, launin da take ƙarawa ba na mawaƙin ba ne.

4.3 Mai Aiki da Amfilifaya Mai Bin Umurni

Wannan ita ake kira VCA, kuma dbx 160 ta 1976 na cikin waɗanda suka yi suna. Irin wannan ta fi bin lissafi daidai, yawancinsu kuma suna bai wa mai aiki damar saita kowane maɓalli da kansa. Ita ce ta fi dacewa da ƙungiyar makaɗa da waƙoƙin aiki, inda ake bukatar sarrafa kamu da saki da kyau.

4.4 Ƙarfe ko Manhaja?

A yau duk waɗannan ire-ire akwai kwaikwayonsu a manhajar kwamfuta. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana ɗauke da kwamfaresa, haka ma Reaper da sauran manhajojin haɗa sauti. Ga sashen Hausa na kwaleji, shawarar ita ce kada a kashe kuɗi a kan kwamfaresa ta ƙarfe. Tana bukatar wutar lantarki tsayayya, ƙurar hunturu tana shiga maɓallanta, sa'an nan babban aibinta shi ne, matsin da ta yi lokacin ɗauka ya zauna ke nan. Audugar da aka matse aka ɗaure a masana'antar gurza, in an kwance ta takan kumbura ta dawo. Muryar da aka matse ba ta dawowa. Kuɗin ya fi amfani a kan makirufo mai kyau da rikoda mai bit 24 da abin saurare na kunne. Inda kwamfaresa ta ƙarfe ta zama dole shi ne wajen watsa shiri kai tsaye, ko a lasifikar taro, domin a can babu damar gyara daga baya.

5.0 ABIN DA HARSHEN HAUSA KE BUKATA

Yawancin saitin da ke zuwa a shirye cikin manhaja ba da Hausa a zuci aka tsara su ba. Akwai siffofi uku na harshen da ya kamata a duba.

Na farko, karin sauti. Wasu malamai suna fargabar kwamfaresa za ta ɓata shi, har fari na launi ya koma fari na rashin ruwan sama. Wannan fargaba ba ta da tushe, domin karin sauti hawa da saukar amo ne, kwamfaresa kuwa ƙarfi kawai take taɓawa. Manhajar da ke taɓa amo ita ce irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, kuma wannan ba ta da gurbi ko kaɗan a aikin adana waƙar baka.

Na biyu, baƙaƙe. Bambancin kara da ƙara, ko sara da tsara, yana cikin ɗan gajeren fashewar da ke farkon gaɓa. Idan baki yana kusa da makirufo kuma kamu ya yi sauri da yawa, sai a aske kan wannan fashewa. Idan kuma saki ya yi jinkiri, hannun na'ura yana nan a danne tun daga wasalin baya, sai baƙin da ya biyo ya fito a raunane. A ɗaya gefen, in an haɗa kamu mai jinkiri da matsi mai yawa, sai s da sh da ts su yi tsini fiye da kima.

Na uku, tsawon wasali. Gàrii na mutane da gàarii na tuwo tsawon wasali ne ya raba su, kuma karin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya. Kwamfaresa ba ta ƙara wa wasali tsawo, amma in an haɗa matsi mai yawa da saki mai sauri, takan ɗaga amsa-kuwwar ɗaki da ke bayan gaɓa, sai iyakar gaɓar ta dushe. Wannan ya fi muni a gajeren wasalin ƙarshe, wanda Bahaushe ke datse shi da maƙogwaro in ya zo tsayawa. Ɗalibin da ke rubuta waƙa daga irin wannan ɗauka yana iya jin dogo inda gajere yake.

6.0 YADDA AKE SAITAWA

6.1 Kafin a Kai ga Na'ura

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin aikin kwamfaresa ana iya yin sa tun a wurin ɗauka. A zaɓi zauren ƙasa ko inuwar bishiya marar iska, a guji ajin siminti mai rufin kwano. A bai wa jagora makirufo nasa na kansa, irin wanda ke ɗauka ta gaba yana ƙin ta baya, kamar Shure SM58, a juya bayansa ga makaɗa. A sa wani makirufo dabam don amshi da kiɗa, kowanne a layinsa. A rufe kan makirufo da soso saboda iska. A roƙi makaɗi ya gwada mafi ƙarfin abin da zai yi, a saita rikoda ƙololuwa ta tsaya wajen -12, a bar sauran fili don guɗa da kirari. Tsarin bit 24 yana da faɗin da ya kai desibel 144 a lissafi, na bit 16 kuwa 96, saboda haka babu asara in an bar wannan fili. Akwai ma ƙananan rikodoji irin Zoom F3 masu tsarin bit 32, waɗanda suka sauƙaƙa wannan mataki ƙwarai.

6.2 Matakan Saiti

Bayan an kwafi fayil, a bi waɗannan matakai a kan kwafin:

1. A fara da hannu. A nemi wuraren da mawaƙi ya kauce wa makirufo a ɗaga su, a nemi guɗa ko tari a rage su. Wannan zai hana na'ura yin aikin da ya fi ƙarfinta.

2. A sa kason matsi 3:1, kamu milisakan 15, saki milisakan 100, gwiwa mai laushi.

3. A sauko da iyaka sannu sannu ana duban ma'aunin matsi, har ya nuna ragin desibel 3 zuwa 6 a wurare masu ƙarfi, ya kuma koma 0 a wurare masu rauni. Ma'aunin da ba ya komawa 0 alama ce ta iyaka ta yi ƙasa da yawa.

4. A gyara kamu ana sauraron baƙaƙe. In ƙ da ts sun dushe a ƙara jinkiri, in ƙololuwa tana tserewa a ƙara sauri.

5. A gyara saki ana sauraron tafiyar waƙa, yadda ma'auni zai huce kafin sabon ɗa ya shigo. Kada a sauko da shi ƙasa da milisakan 40 ko 50 ga muryar namiji. Dalili kuwa, muryar da ke kaɗawa sau 100 a sakan, kowace kaɗawa milisakan 10 ce, kuma na'urar da ta yi sauri kusa da haka sai ta shiga bin kaɗawar ɗaya bayan ɗaya, muryar ta yi gwarje.

6. A yi ciko, sa'an nan a kwatanta mai matsi da marar matsi a ƙarfi ɗaya. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin kunne yakan ɗauka abin da ya fi ƙara shi ya fi daɗi.

Idan ragin desibel 6 bai isa ba, gara a jera kwamfaresa biyu kowace ta yi kaɗan, ta farko mai sauri don ƙololuwa, ta biyu mai laushi don daidaito, da a ɗora wa ɗaya nauyin duka.

6.3 Saiti Bisa Irin Waƙa

Ga makaɗi da ƙungiyarsa, babbar matsala ita ce kiɗan da ke kutsawa cikin makirufon jagora. Kowane bugu sai ya sa na'ura ta danne murya, ta saki, ta sake dannewa, har sautin ya riƙa yin kamar haki. Wasu kwamfaresa suna da matata da ke toshe kunnen na'ura daga sautin da ke ƙasa da haz 100 zuwa 150. Wannan tana taimakawa ga gangar noma da bugun iska. Ga kalangu kuwa amfaninta kaɗan ne, domin kalangu magana yake kwaikwaya, amonsa yana yawo a inda muryar mutum ke yawo, maganinsa nisanta makirufo ne kawai. A matsa layin jagora shi kaɗai da 2:1 ko 3:1, a bar amshi da kiɗa, ko a taɓa su kaɗan. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Shata ya san cewa musayar da ke tsakanin jagora da amshi da kalangu ita ce ginshiƙin waƙar. Wanda ya daidaita ƙarfinsu ya rushe tsarin da manazarci ya zo nema.

Ga waƙoƙin daka da daɓe, bugun taɓarya gajere ne mai tsini. A sa limita ta aske desibel 2 ko 3 daga kansa, sa'an nan a bi da matsi 2:1. Kada a nemi kawar da bugun, domin luguden shi ne ma'aunin karin waƙar.

Ga rubutacciyar waƙa, irin mai aiki da haske ta wadatar, da ragin desibel 2 zuwa 4.

Ga hira da tatsuniya, ana iya kai wa 3:1 ko 4:1 in don rediyo ne. In don aji ne a tsaya a 2:1, saboda raɗa da tsawar mai tatsuniya salo ne da ake son ɗalibi ya ji.

7.0 ASALI DA KWAFI

Ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya, watau IASA, ta shimfiɗa ƙa'idar cewa a adana sauti yadda yake ba tare da gyaran son rai ba, a fayil na WAV mai bit 24 da aƙalla kilohaz 48. Wannan ƙa'ida ta dace da mu. Kowace ɗauka ta kasance tana da fayil na asali da ba a taɓa ba, da kwafin saurare da aka matsa, a kuma rubuta saitin da aka yi amfani da shi a takardar bayanin ɗaukar. Mai nazarin furuci da zai auna ƙarfin gaɓoɓi da manhajar Praat, asali kaɗai zai yi masa amfani.

Akwai kuma matsin da ke shigowa ba da sanin mai ɗauka ba. Ƙananan rikodojin kaset da aka yi aiki da su a shekarun 1970 da 1980 galibi suna da mai daidaita sauti na kansu. Shi ya sa a tsofaffin kaset ake jin hayaniya tana tasowa duk sa'ad da mawaƙi ya yi shiru, ta kuma nutse in ya ci gaba. Yawancin wayoyin hannu ma haka suke yi. Inda akwai damar kashe wannan tsari a kashe shi. Wajen juyar da tsohon kaset zuwa kwamfuta kuwa, kada a ƙara masa wani matsi, domin an riga an matse shi sau ɗaya, na biyu ƙarar kaset ɗin kawai zai ɗaga.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa kwamfaresa na'ura ce mai amfani, wadda ke sa a ji waƙar baka sosai a waya da rediyo da aji, amma kowane desibel da ta bayar akwai abin da ta karɓa a madadinsa. An nuna cewa zaɓenta ya danganta da irin muryar da aka ɗauka, saitinta kuma ya danganta da baƙaƙe da wasulan Hausa da tsarin jagora da amshi. Inda mai aiki ya yi shakka, ya rage matsi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ƙarshe, ana ba da shawara uku ga sassan Hausa. Na ɗaya, a sa darasin ɗaukar murya cikin kwas na dabarun bincike kafin a tura ɗalibai ƙauyuka. Na biyu, a wajabta wa ɗalibi miƙa fayil na asali tare da kundinsa. Na uku, masana harshe da ke wannan taro su dubi kalmomin da aka yi amfani da su a nan, watau iyaka da kason matsi da kamu da saki da ciko, su gyara ko su tabbatar, don a sami daidaitattun kalmomin da malami da ma'aikacin situdiyo za su fahimci juna da su.